Husufin wata da wainar Yaya Hadiza

Ina tsaye wurin yayata Hadiza tana suyar waina a bakin tasha a Gwarzo, sai ga wani dattijon unguwarmu, ko sallama babu.

Ya ce mata, "Kin ga abin da kuka ja mana jiya? Har wata ya yi husufi. Mace zaune a titi cikin maza, ai dole."

Na ce, "Baba, inuwar duniya ce fa take faɗawa kan wata idan duniya ta shiga tsakaninsa da rana."

Ya ce, "Kai da bokonka. To wa ya jawo inuwar?"

Yaya ta ci gaba da suyarta. Bara mijinta ya rasu, da wainar nan take ciyar da marayunta, kuma dattijon nan bai taɓa aika musu ko kwanon dawa ba.

Wata ya washe tun jiya. Ita kuwa maganar ta zaga tasha, masu saye suka riƙa wuce ta har ƙullun ya yi tsami.

Jama'a, ku faɗa min, ina laifin mai neman halak a nan?