Amsoshin da Sanusi Bai Karanta Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi, kuma har yau saƙonsa na ƙarshe yana nan a intanet, yana roƙon mutane su nuna masa kurakuransa.

Sanusi mai rubuta manhajar kwamfuta ne, ni kuwa malamin gona ne a Faskari. Ya shafe wata bakwai yana haɗa wani kundi na siffofi wanda masu irin sana'arsa za su riƙa ɗauka suna ɗora aikinsu a kai. Da na ce ban gane ba, sai ya ja ni turken Inna. "Yaya, akuya da tunkiya duk suna tuƙa, ko? To sai ka rubuta tuƙa sau ɗaya, ka liƙa wa kowacce." Na yi dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

Da ya gama, ya ɗora aikin a dandalin masu sana'ar, ya ce su gwada su faɗa masa inda ya gaza kafin ya ci gaba. Kwana kaɗan bayan haka aka yanke layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara saboda matsalar tsaro. Sai ya koma hawa babur zuwa garin da ba a yanke wa layi ba don ya duba ko an tanka. Sau uku yana dawowa yana cewa, "Ba kowa tukuna." Na hana shi, ya ce ba ya so wani ya ɓata lokacinsa ya rubuto ya ji shiru. A tafiya ta huɗu 'yan bindiga suka tare hanya. Washegari muka yi masa sutura.

Bayan layi ya dawo, wani abokin karatunsa ya buɗe mini shafin. An amsa. Wani ya ce tsarin ya yi nauyi. Wata mata daga wata ƙasa ta gano kuskure, ta gyara, ta yi godiya. Wani kuma ya tambaya ko mai aikin ya watsar da shi ne. Abokin ya rubuta masa gaskiya.

Nakan tambayi kaina abin da Sanusi zai ce da ya ga yau. An ce yanzu na'ura kan rubuta irin aikinsa cikin ɗan lokaci, mu kuma gonakinmu na nesa har yanzu da fargaba muke zuwa. Ina jin wanda ya ce tsarin ya yi nauyi ne Sanusi zai fara nema, don gyara ya fi yabo daɗi a wurinsa.

Mutanen da ba su taɓa jin sunan Faskari ba suna amfani da abin da ya bari. Na gaya wa Inna haka bara, ina zaton za ta ji sanyi. Sai ta ce, "Su sun san ana yi wa mamaci addu'a?"

Allah ya jiƙan Sanusi, ya sa ya huta.