Wasan Nguru da Gashuwa

Kakana ya taɓa buga wa ma'aikatan jirgin ƙasa na Nguru ƙwallo, ana biyansa, tun zamanin da ake wasa ba takalmi. Labari ɗaya yake maimaitawa: ranar da 'yan Gashuwa suka zo, ruwan sama ya jiƙa ƙwallon fata ta yi nauyi, shi kuwa ya sa mata kai ta shige raga. Yayyena sukan sulale gidan kallo tun bai kai rabi ba. Ni ce mai saurare, amma daga bayan labule, ina kallon babban yatsan ƙafarsa yana motsi a kan tabarma. Kunya ta hana ni zama gabansa.

Bara tsufa ya fara taɓa masa tunani. Wata safiya ya kawo labarin har bakin raga, sai ya tsaya.

"Wa ma ya ci?"

Na fito na durƙusa. "Ai kai ne, Kaka."

Ya yi dariya. "Amarya, tsokana da sassafe? Ni ina na iya ƙwallo?"

Bai ƙara ɗauko labarin ba. Da ma na fito tun yana tunawa, ya san akwai mai jinsa.