Ƙafar Tela

Shekara talatin da ɗaya shagona na gyaran agogo yana jingine da shagon ɗinkin Pak Harjito a bakin kasuwar garinmu Madiun, katako ɗaya ne tsakaninmu. Pak da Bu da Mas da za ka ji ina faɗa laƙaban girmamawa ne a wajenmu, kamar Malam da Malama. Ko ban gan shi ba na san halin da ya tashi da shi, don keken ɗinkinsa yana gaya mini. In yana cikin nishaɗi keken ba ya numfashi, in kuwa matarsa Bu Lastri ta ɓata masa rai da safe, sai ka ji ɗinkin yana tafiya yana tsayawa. Mutum ne mai taurin kai da rowar magana, kuma bai taɓa yabon shayin da na saya masa ba.

Ɗansu ɗaya ne, Danang. Ya tashi yana ɗaga kai duk sanda jiragen sansanin soja na bayan gari suka wuce, har ya je gwajin shiga sojan sama, aka dawo da shi don idonsa ba ya raba ja da kore. Sai ya kama aiki a shagon buga takardu, ya sayi kwamfuta, ya koma wasan tuƙa jirgi a cikinta a ɗakin baya. Wasan na yaƙin duniya na biyu ne. Kai za ka ƙirƙiro matuƙi ka raɗa masa suna, a kai shi runduna, a riƙa tura shi aiki rana bayan rana, har yaƙi ya ƙare ko shi ya ƙare. Danang ya sa wa matuƙin sunansa da hotonsa. Da ya rasa fedar juya jirgi, ya kwance matakan tsofaffin kekunan ɗinkin ubansa guda biyu ya haɗa su da waya. Ka taka hagu jirgi ya yi hagu, ka taka dama ya yi dama, ka danne duka biyun burki ke nan. Ubansa ya yi wata guda bai ce masa uffan ba.

Wasan yakan bar mutum ya sake tashi idan an harbo shi, amma Danang da abokansa sun haramta wa kansu haka. A gefen allon ya manna takarda da rubutun hannunsa: "Wanda ya mutu ya mutu. Babu maimaici."

Zazzaɓin dengi, na cizon sauro, ya ɗauke Danang cikin kwana biyar, yana da shekara ashirin da shida.

Bayan sadakar arba'in Pak Harjito ya kira Prasetyo, abokin marigayin, ya zo ya share abin da ke cikin kwamfutar a sayar da ita. Ina tsaye a bakin ƙofa. Prasetyo ya kunna, jerin sunayen rundunar ya fito, wasu an ja musu baƙin layi. Sai ya nuna da yatsa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kai, Pak, ga Danang nan da ransa! Sau arba'in da ɗaya ya fita, ko ƙwarzane babu."

Da ina kusa da na make masa ƙeya. Pak Harjito ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambayi shekara nawa suka rage yaƙin ya ƙare. Aka ce masa kusan uku. Ya ce a bar kwamfutar.

Wata takwas ya yi yana koyo, bai taɓa matuƙin ɗansa ba. Yakan ƙirƙiro wani don gwaji, kuma don tsabar wulaƙanci sunana yake sa masa. Da safe zai leƙo ta saman katako.

"Mas Tukiran, Allah ya jiƙanka. Jiya ka shiga bishiya."

"Kai dai tsufa ya zo maka da gardama, Pak. Mutumin da ko babur bai iya ba!"

"Yau ma za ka mutu, ka bar wasiyya."

Sau ashirin da uku na mutu. Abin da ya fi ba shi wahala ƙafa ce. Ƙafar tela tare take tafiya da 'yar'uwarta, shekara arba'in suna danna mataki ɗaya lokaci ɗaya, yanzu an ce kowacce ta yi aikinta daban. Sai da ya riƙa ɗaure gwiwa ɗaya da ƙyallen atamfar batik don ya tuna. Ranar da Tukiran na ashirin da huɗu ya sauka lafiya sau talatin a jere, sai ya buɗe na Danang.

Ban taɓa ganin matuƙi matsoraci irinsa ba. Kowace rana bayan la'asar zai rufe shago ya tashi sau ɗaya, a kan wata ƙasa mai dusar ƙanƙara wadda ko shi ko ni ba mu taɓa taka irinta ba, gumi na zuba masa a bayan riga. Yana manne da shugaban ayari kamar ɗan akuya da uwarsa. Da ya hango maƙiyi sai ya juya gida. Abokan Danang suka yi ta yi masa tsiya.

"Pak, shekara guda ba ka harbo ko tsuntsu ba. Lambar yabo fa?"

"Ku ci lambar yabonku. Ni gida zan kawo shi."

Sanda Danang yake asibiti, uban bai iya yin komai ba sai riƙe robar ƙarin ruwa, wannan na sani. Amma ba zan yi ƙarya in ce abin ya yi masa magani ba. Ya rame, masu kawo ɗinki suka gudu, ya daina zuwa zaman unguwa. Bu Lastri tana kukanta ita kaɗai a kicin, mijinta yana ɗakin baya yana ce wa allo, "Yi ƙasa kaɗan, ɗana." Na tsani kwamfutar nan, na kuma rasa bakin da zan ce masa ya bari.

Bu Lastri ce ta iya. Ta ce ranar sadakar kwana dubu, ranar da ake ɗora dutse a kan kabari a sallami mamaci, ranar za a kashe kwamfutar, ko yaƙi ya ƙare ko bai ƙare ba. Ta ce ɗa ɗaya ta haifa, ba za ta iya zaman jiran mutuwarsa sau biyu ba. Ya yi mata alkawari. Da ya lissafa ya ga kwanakin ba za su isa ba, ya koma tashi sau biyu, wani lokacin sau uku a rana. Ga kuma yanar ido ta fara rufe masa na dama. Dole na riƙa rufe nawa shagon ina zama gefensa ina karanta masa agogunan jirgin, tunda aikina ke nan.

Safiyar kwana na dubu tashi ɗaya ya rage. Tsakar gida cike da mata suna ɗora shinkafar sadaka, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Muka shige ɗakin baya muka tura ƙofa. Aikin mai sauƙi ne, rakiyar jiragen kaya, kuma sama wayam, babu maƙiyi ko ɗaya. Minti arba'in muka juyo. Ya hango filin saukarsu, ya saki tayoyi, ina faɗa masa gudun jirgin yana ragewa. Tayoyin suka taɓa ƙasa lafiya lau. Na ji yana cewa a hankali, "Mun iso, mun iso."

Sai Bu Lastri ta turo ƙofa. Ba da faɗa ta zo ba.

"Pak, an kawo dutsen. Sun ce ka zo ka duba sunan."

Sabo turken wawa. Hankalinsa ya tafi ga dutsen, ƙafafunsa suka koma aikin da suka sani, suka danna tare har ƙasa. Jirgin yana cikin gudu, burki ya kama shi gaba ɗaya, hancinsa ya caki ƙasa, ya wuntsila ya kifa. Wuta ta tashi. Jerin rundunar ya fito, aka ja baƙin layi a kan sunan Danang, a filin saukarsu na gida, a ranar ƙarshe.

A ƙasan allon ga wurin da ake dannawa a sake tashi. Prasetyo, da ya shigo bayan Bu Lastri, ya durƙusa kusa da shi.

"Pak, danna kawai. Wallahi babu wanda zai ji. Ko ba haka ba, Mas Tukiran?"

Na ce ni ban ga komai ba, idona ma ciwo yake. Har Bu Lastri, wadda ta fi kowa ƙin abin, ta ce, "Danna, Pak."

Ya kai hannu, ya tsaya. Takardar tana nan a gefen allon, ta yi ja don tsufa, rubutun ɗansa bai goge ba. Ya janye hannun, ya kashe kwamfutar da kansa, ya sa hularsa. A maƙabarta ya duba sunan ya ce daidai ne, ya kama aka ɗora dutsen, bai yi kuka ba. Sai a hanyar dawowa ya riƙe mini hannu.

"Na farko Allah ne ya ɗauke shi, Tukiran. Wannan ni ne."

Na ce masa wasa ne, hoto ne kawai a allo. Ya ce ya sani.

Yanzu shekara biyu ke nan. Yana buɗe shago kullum, yana sa maɓalli, yana kama bakin wando da allura da zare. Keken yana nan a lulluɓe da zane, ya ƙi sayarwa, ya kuma ƙi ɗora ƙafa a kansa. Ni kuwa har yau nakan tsayar da aiki in kasa kunne a jikin katakon, ba na jin komai, kuma ban san halin da ya tashi da shi ba.