Baba Sai-Ta-Huce na Tashar Caji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, bayan azahar, Allah ya karɓi ran dattijon nan mai kula da tashar cajin kekunan haya na lantarki a bakin titinmu, bayan gajeriyar jinya. Direban da ya kawo mana labarin bai iya shigowa ba, daga ƙofa ya tsaya ya ce, "Baba Sai-Ta-Huce ya rasu." Na zauna a inda nake, na rasa ta yadda zan faɗa wa Inna.

Baba, direbobi ne suka raɗa maka sunan nan cikin jin haushi, kai kuwa ka amsa shi da dariya har ya bi ka. Duk keken da ya shigo sai ka ɗaga kujera, ka ɗora bayan hannunka a kan batir kamar mai duba zazzaɓin jariri. In ka ji zafi, ba mai sa ka jona shi a na'urar cajin gaggawa, ko da direban zai yi ta kumfar baki. Inuwa za ka nuna masa ka ce sai ta huce. Cajin gaggawan ya fi tsada, shi ne ke kawo wa mai tashar riba, kuma ya sha yi maka ƙorafi. Ban taɓa jin ka sauya ba. Ka kan ce musu kada su cika batir taf kullum, kada kuma su bari ya ƙare ƙaf, su kuwa suna tsokanarka wai ka fi tausayin batir a kan mutane.

Ni na san ba haka ba ne, don a gabana aka yi.

Mahaifiyata tana zuwa wankin ƙoda, kuma a asibitin in ka makara sai a ɗora wani a kan injin, kai ka koma layi. Rannan ta tashi ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar, ba ta da ƙarfin jiran wani layin. Muka tari keke da rana tsaka, ba mu yi nisa ba direban ya ce cajinsa ya yi ƙasa, zai ɗan tsaya a tasha. Ya rantse mini cajin gaggawa ba zai ɗauki lokaci ba. Na rungume Inna a baya ina kallon agogo.

Ka zo ka ɗaga kujerarsa, ka taɓa, ka janye hannu da sauri. Na ga fuskarka ta sauya. Ka sunkuya ka shinshina, sannan ka je ka tsaya a gaban na'urar, ka juya mata baya.

Direban ya ce, "Haba Baba, ba ka ga mara lafiya ba? Jona mini kawai, in ya lalace nawa ne."

Ka ce, "Na gan ta, shi ya sa. Batirin nan ya kumbura. Ba zan jona shi ba, kuma ba za ta ƙara zama a kansa ba."

Wuri ya rikice. Masu jiran layi suka taso, wani yana cewa taurin kanka zai kashe baiwar Allah, wani ya kai hannu zai fizgi wayar cajin ka riƙe ta gam. Ni kaina na roƙe ka da Allah da Annabi, Inna kuma kanta yana ta yin nauyi a kafaɗata. Ba ka ɗaga murya ba. Ka dube ni ka ce, "'Yata, sauko da ita." Ka waiga ka kira Dogo, wani direba da ke tsakiyar caji, ka zare wayar cajinsa da hannunka ka ce abin da ya samu zai kai mu, ya tafi kada ya tsaya ɗaukar kowa. Kai ka kama Inna ta ɓangare ɗaya muka sauya mata keke.

Muna fita daga tashar na waiwaya, na hango ka kana tura wancan keken kai kaɗai zuwa fili, nesa da na'urori da mutane. Daga baya direbobin da ke wurin suka ba ni labarin cewa kafin ka sake shi hayaƙi ya fara fita daga ƙarƙashin kujerar, wuta ta tashi, ta lashe maka hannun dama. Ka yi makonni da bandeji. Da na zo yi maka sannu sai ka hau tambayar jikin Inna, ka kuma yi mini faɗa a kan wayata da ka gani a jone alhali ta cika. Ko direban da ya rasa kekensa ba ka bar shi ba, kai ka shiga ka fita har aka ba shi aron wani ya ci gaba da neman abinci.

Mun isa asibiti ana shirin kiran wani a madadinta. Ma'aikaciyar jinya ta dubi Inna sau ɗaya, ta kwantar da ita a gadon. Na tsaya a bakin ƙofa har na ga ƙirjinta ya daina hawa da sauka da ƙarfi, sannan na fashe da kuka.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka, da direbobin da jiya na ga sun ajiye kekunansu sun bi gawarka a ƙafa. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa.

Inna tana zaune a gefena ina wannan rubutu. Ita muke ta yi wa fargaba, ga ta da ranta, kai ka riga ta. Ta ce in karanta mata addu'ar da ƙarfi, tana so ta ce amin da bakinta.