Jangalin Baffa Haruna

Kun dai san Baffa Haruna ba ya faɗin yawan 'ya'yansa. In ka tambaya sai ya ce, "Sun ishi tuwo." Jinin makiyaya ne, wai abin da aka ƙirga an nuna wa mutuwa hanya.

Masinja ne a wata jami'a a Kano, ƙarshen wata yake dawo mana Kiyawa. Da 'yarsa Hajara ta samu shiga jami'ar, aka ce 'ya'yan ma'aikata ba sa biyan kuɗin makaranta. Ya yi ta washe baki. Wata na ƙarewa ya ga albashi ya rame, ya nufi ofis.

"Haraji ne, Baba," in ji akawu. "A wajen gwamnati, kyautar nan kuɗi ne ka samu."

"Na samu? A wane aljihun?" Ya zazzage duka biyun, goro ya faɗo. "To jangali ne. Ubana ya biya na saniya, ni na 'ya. Saniyar ma ai ana tatsa."

Hajara ba ta cika shekara a jami'ar ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Amma ba a daina cirewa ba. Baffan da yake wanke ledar burodi ya shanya, shi ne ya ƙi zuwa ya faɗa musu.

Na ce, "Baffa, kuɗinka fa ake ci."

"Ke Talatu, gwamnati ba ta karɓar jangalin abin da babu. Tunda suna cira, tana aji."

Duk wata sai ya miƙo min takardar albashin, ni da ko baƙi ban sani ba, ya ɗora yatsana kan layin harajin. "Ga ta nan, lafiyarta ƙalau." Wallahi layin nan sanyi gare shi kamar gindin randa.

Liman ya same shi. "Malam Haruna, wanda ya rasu ba ya karatu."

"Allah gafarta malam, ai ba ni na ce ba. Su suka rubuta."

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci ya dawo da takarda, layin babu. Ba wanda ya je ofis. Daga baya muka ji a watan ne 'yan ajinsu suka kammala. Ya sayi rago ba ko ciniki, ya yanka, ya ce, "Ta gama. Zan je in taya ta ɗauko kaya."

Muka yi dariya. Naman bai ƙare a gidan ba aka kai Baffa makwancinsa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sada shi da Hajararsa inda ba a cire wa kowa komai. Amin.