Ranar da Muka Cire wa Ƙarafan Davou Bargo

Al Rayyan

Ina idar da sallar asuba na tarar Davou ya riga ya fito da kayan kiɗansa bakin ƙofa. Davou ɗan Jos ne, mai gyaran AC, ɗakinmu ɗaya da shi da wasu masu gadi biyu. Ni kuwa direba ne a nan ƙasar Larabawa, ranar Juma'a kafil ɗina, wato ubangidana, kan bar mini a-kori-kura. Abin da za mu ɗauka sunansa baibirafon. Tebur ne da aka jera wa ƙarafa, ana bugunsu da sanduna masu kan zare, da feda a ƙasa da ake takawa a saki sauti ko a kashe shi. Davou ya shekara yana koyon kiɗan jaz da shi, kuma ranar ce wani shugaban makaɗa zai gwada shi. Muka naɗe ƙarafan da bargon Sani mai gadi, wanda dama kullum da shi ake rufe su.

"Malam Habu, in ba su ɗauke ni ba yau, sayar da shi zan yi."

"To bari mu dawo tukuna, kada in yi dako a banza."

Na yi dariya, amma raina bai so maganar ba.

Al Gharrafa

Hanya fayau, gari na barci. Muka tsaya muka sha shayin karak mai madara, Davou ya kasa shanye nasa. Da hantsi muka isa gidan shugaban makaɗan, Ammu Usman, wani dattijo ɗan Sudan mai busa, wanda ƙungiyarsa ke kiɗa a wani gidan abinci a kasuwar Souq Waqif. A garejinsa muka harhaɗa kayan.

"Yalla, fara," in ji dattijon.

Davou ya taka feda ya danne, ya shiga zuba bugu. Jama'a, hannu kam akwai sauri, amma sautin ya cakuɗe kamar an kifar da kwandon kwanuka. Shi kansa sai da ya razana.

"Khalas! Ya isa! Ɗana, a ina kake koyo?"

Davou ya yi bayani. Masu gadinmu da rana suke barci, saboda haka kullum sai ya shimfiɗa bargo a kan ƙarafan ya buga a hankali. Ga shi ya taso da kundung, mai kama da wannan amma na katako irin na garinsu, wanda sautinsa ke mutuwa nan take, sai an yi ta bugu ba tsayawa.

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wato ba ka taɓa jin muryar abinka ba! Hannunka ya koyi aiki, kunnenka da ƙafarka ba su fara ba. Buga ɗaya. Saurara har ya mutu. Sannan ka buga na biyu." Ya ba shi waƙa guda mai sanyi, ya ce da la'asar zai buga ta a gaban mutane, a nan za a yanke hukunci.

Na tafi masallaci. Da na dawo, tun daga bakin get nake jiyo sauti ɗaya yana tashi, ya daɗe, sannan a kashe shi.

"Ashe ka gano birki," na ce masa. Ko kallona bai yi ba.

Souq Waqif

Mota ba ta shiga lungunan kasuwar, sai wani tsohon ɗan dako ya tura mana kayan a baro, Davou na biye da shi yana roƙon a bi a hankali. Aka ba ni kujera a gefe, da shinkafa da kaza da ban iya ci ba don fargaba.

Da aka zo kan waƙarsa, na ga hannunsa na neman ya zabura, sai ya daure. Ya buga, ya jira, ya buga. Ya yi tuntuɓe sau ɗaya, mai ganga ya rufa masa asiri. A ƙarshe ya bar sautin yana yawo, har wani mai kai abinci ya tsaya cak da faranti a hannu. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ammu Usman ya dafa kafaɗarsa. "Da saura ƙwarai. Juma'a mai zuwa ka zo da wuri."

Gida

Bayan magariba muka iso Al Rayyan, Sani na shirin fita aiki. Muka kafa kayan, Davou ya ɗauko bargo zai rufe kamar kullum. Sani, da ya riga ya sha labari a bakina, ya fizge abinsa.

"Ba ni bargona. Shekara guda muna kwana da abin nan, ba mu san yana magana ba. Daga yau in mun tashi da la'asar, filinka ne. Buga mu ji."

Davou ya taka feda ya buga ɗaya, mu duka muka yi tsit har ya mutu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da kayanmu, ba a sayar da komai ba.