Motar da Prayun Bai Isa Ya Taɓa Ba

Duk wanda ya taɓa cin gasasshiyar kaza a bakin kasuwar safe ta Khon Kaen ya san Lamduan. Gajeriya ce mai ƙarfin damtse, in tana kirɓa ɗanyar gwanda da barkono a turmi sai ka rantse da wani take faɗa. To, da wani take faɗan. Sunansa Prayun, yayan mijinta, mai gareji a hanyar filin jirgi.

Abin ya faro ne daga rasuwar mijinta. Ya bar mata ɗa ɗaya, Ton, da a-kori-kurar da suke ɗauko kaji da ita daga ƙauye. Ba a daɗe da makoki ba motar ta fara tari, sai ta kai ta wurin Prayun, don a danginsu kaf babu motar da wani ke taɓawa sai shi. Mota ta shiga gareji, shiru kake ji. Yau inji ne, gobe kayan gyara ba su iso daga Bangkok ba. Lamduan ta yi sintiri har ta gaji, ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai, ta kai masa kaza mai zafi ya ci yana sakace a gabanta. Ƙarshe ya ce motar ta mutu, ya karɓe ta a kuɗin tsohon ƙarfe, wai don tausayi. Ba a rufa wata ba ta gan ta tana sheƙa gudu da sabon fenti, surukinsa na tuƙi. Ta koma ɗauko kaji a babur, ruwa da rana, shekara da shekaru, tana dafa abin a ranta.

Da hali ya samu, motar lantarki ta saya, 'yar ƙarama, fara. Wasu suka ce don tsadar mai ne. Ita dai ta san dalilinta: motar ba ta da injin da Prayun ya sani. Ranar da ta kawo ta gida ya zo, ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta da yatsa.

"Ƙanwata, firji kika sayo mai taya?" Ya kece da dariya. "Ba komai. Ranar da batirin nan ya mutu ina nan inda kika san ni. Ki taho da kaza biyu."

Maganar nan ta tsaya mata a wuya.

Ana haka sai kamfanin motar ya kira ta, wai in tana so ta sayi ƙarin garanti na shekara biyar a kan wanda motar ta zo da shi. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma abin da ke hannunta na bikin shigar Ton gidan ibada ne. Ya kai shekarun da zai aske kai ya sa rawayen mayafi ya yi damina a gidan ibada kamar yadda samari ke yi a addininsu, ladan hakan ya hau kan mahaifiyarsa. Bikin da babu motar makaɗa da lasifikoki masu girgiza gari, ai abin surutu ne a unguwa.

Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Mai sayar da kifi ta ce asara ce, motar sabuwa fil me zai same ta. Ƙanwar Lamduan ta ce kamfanin ma yana iya naɗe tabarmarsa gobe, takardar ta zama ta ƙunsa gyaɗa. Lamduan ta je kamfanin da niyyar cewa a'a. Yarinyar da ke bayani ta yi ta zuba a kan batir da na'urori, ita kuwa tana hamma, har ta zo kan wani sharaɗi.

"Sai dai fa, Inna, in bakaniken waje ya taɓa ko waya ɗaya, garantin ya tashi."

Lamduan ta gyara zama. "Ko ɗan'uwa ne?"

"Ko wane ne."

"'Yar nan, sake faɗa in ji. A hankali."

Yarinyar ta maimaita. Lamduan ta sa hannu, ta biya da kuɗin makaɗan, ta fito tana murmushi ita kaɗai kamar wadda ta ci caca. Da ta gaya wa Ton babu makaɗa, ya ce, "Mama, ni da zan je in zauna shiru, me zan yi da kiɗa?" Ta ji kunya ƙwarai, amma ko kaɗan ba ta yi nadama ba.

Labari ya kai kunnen Prayun, ya ga dama ta samu ya nuna shi ne babban gida. Jajibirin biki, dangi sun cika tsakar gida, mata na dafa shinkafa mai danƙo, sai ga shi da manyan lasifikoki biyu da damin waya, wai zai jona su da batirin motar.

"Tunda uwar yaro ta kasa, baffansa na nan," ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Buɗe min firjin nan in jona."

Lamduan ta ajiye taɓarya, ta goge hannu, ta tako a natse ta tsaya tsakaninsa da motar.

"Yaya, janye hannunka."

"Me kika ce?"

"Na ce kar ka taɓa. Kamfani ya hana. Sun ce in an bar irinku suka sa hannu, mota lafiyayya sai ta wayi gari tsohon ƙarfe." Ta juya wajen dangi. "Ni kuwa na ce musu na sani, na taɓa gani."

Wata gwaggo ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa don dariya. Kowa ya san zancen a-kori-kura, ba a dai taɓa faɗinsa a fili ba. Prayun ya tsaya da waya a hannu, wuyansa ya yi jawur, ya rasa inda zai ajiye ta. Daɗin da Lamduan ta ji a lokacin, ba ta ji irinsa ba tun rasuwar mijinta.

Washegari aka zaunar da Ton don aski. Manya suka bi layi, kowa ya yanki gashi kaɗan ya zuba a ganyen bado. Sannan Ton ya durƙusa ya nemi gafarar kowa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi, don kada ya shiga da nauyin wani. Tsohon malamin da ya zo daga gidan ibada ya ce rana ce ta wanke zuciya, duk mai riƙe da wani ya saki. Idanu suka koma kan Lamduan.

Prayun ya matso, ya sassauta murya. "Ƙanwata, abin da ya wuce ya wuce. Mota dai mota ce, wata rana za ki neme ni."

Lamduan ta haɗa hannuwa ta gaida malamin da ladabi. Sannan ta dubi Prayun, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Shekara biyar na biya don kada in neme ka, Yaya. In sun ƙare zan sake biyan wasu."